Mai Ƙirga Kawunan Alhazai

Duk shekara idan Zulƙida ya kama, akwai wata safiya da motoci ke jeruwa a Tsafe domin kwasar maniyyata zuwa sansanin alhazai na Gusau. Wasu sun kwano a garin tun jiya, daga Yankuzo, Keta, Bilbis ko 'Yandoto, don kada a kira suna ba su nan. 'Yan rakiya sun ninka matafiya sau biyar, ana ta neman gafara, ana cusa wa maniyyaci saƙon addu'a da ƙullin yaji da lambar wayar wani ɗan'uwa da ya shekara goma a Makka. A tsakiyar wannan hayaniya akwai mutum ɗaya da ba ya cikin murna kuma ba ya cikin kuka. Takarda ce a hannunsa da biro, yana kiran sunaye, ana amsawa, yana sa alama. Ya ƙirga ya sami mutum ɗaya babu, ashe ya zagaya kama ruwa. Kafin wancan ya dawo, wata dattijuwa ta sauka neman jikanta da ta bai wa riƙon jakar da fasfo ke ciki. Wannan mai takarda, ko jami'in alhazai na ƙaramar hukuma ne, ko shugaban rukuni, ko ma'aikacin kamfanin jirgin yawo, haka zai yi ta ƙirga kawuna har kusan kwana arba'in. Jama'a na kallonsa a matsayin wanda ya tsinci dami a kala, tunda zai je Makka ba da kuɗinsa ba. Ni kuwa ina ganin aikin da ya ɗauka sana'a ce mai zaman kanta, wadda ake koya kamar yadda ake koyon ɗinki ko tuƙi, kuma ƙananan tangarɗun da ke faɗo masa kullum su ne ainihin aikin. Wanda ya ɗauka cewa jagoranci shi ne bin tsarin da aka rubuta, tangarɗa kuwa tsautsayi ne da ke katse shi, bai fahimci abin da aka ɗora masa ba.

Magabatanmu ba su yi wannan kuskure ba. A ƙarni na 19, lokacin da fatake ke zuwa Gwanja sayen goro, ayari guda yakan ƙunshi ɗaruruwan mutane, wani lokaci fiye da dubu, da jakuna da takarkarai, tafiyar watanni zuwa kasuwar Salaga da dawowa. Cikin manyan 'yan wannan fatauci akwai Agalawa da Tokarawa na ƙasar Kano da Katsina, da Kambarin Barebari waɗanda cibiyarsu Gummi ce, a nan Zamfara. Ayari ba ya tashi sai da madugu, kuma madugu ba shi kaɗai ba ne. Akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya da zango, akwai uban dawaki da ke tattara kuɗin fito da gaisuwar sarakunan da za a ratsa ƙasarsu, akwai malami mai duba ranar tashi da riƙe lissafi. Abin lura shi ne madugu kansa yawanci a baya yake tafiya. A baya ne jakin da ya gurgunce yake, a baya ne mai zazzaɓi ke jan ƙafa, a baya ne ɓarayin ƙasar Bargu ke dakon wanda ya ware. Shi ne mai sasanta rigimar mutum biyu kan kaya, shi ne mai raba gadon wanda ya mutu a hanya ko adana shi har a isa gida. Da aka ce madugu uban tafiya, ba sanin hanya kaɗai ake nufi ba, domin wannan jagaba ya san ta. Ana nufin wanda alhakin kowane rai ke wuyansa. Haka abin yake ga ayarin masu zuwa Makka a ƙasa, ta Barno da Cadi da Sudan zuwa bakin Bahar Maliya, tafiyar da kan ci shekaru, wasu ma su zaune a Sudan har abada.

Jirgin sama ya karɓe aikin jagaba. Hukuma ta karɓe na uban dawaki: tun kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, da NAHCON da ta zo da dokar 2006, da hukumomin jihohi, kuɗin kujera da biza da masauki duk a ofis ake ƙulla su. Abin da ya rage wa jagoran yau shi ne rabon madugu, wato bayan ayari. Kuma bayan ayarin yana farawa tun kafin a bar gida. Shekaru da yawa alhazan Zamfara daga filin jirgin Sultan Abubakar III na Sakkwato suke tashi, ma'ana sai an kwashe su daga Tsafe ko Bungudu zuwa Gusau, sannan a bi titin Talata Mafara tafiyar sa'o'i, a zamanin da hanyoyin jihar ba sa biyuwa da dare sai da rakiyar jami'an tsaro. A ce jirgi ƙarfe goma na safe, a taso mutane da asuba, a je a tarar an ɗage sawun zuwa gobe. Mutum ɗari huɗu ko biyar da suka riga suka yi sallama da iyali, wasu masu ciwon suga, wasu ba su taɓa kwana a wajen garinsu ba, duk sai su juyo su kalli mai takarda. Ba shi ya ɗage jirgin ba, bai ma san dalili ba, amma shi kaɗai ne fuskar da suka sani. A wurin awon kaya sai a buɗe jaka a ga goro an naɗe shi cikin zane, alhali tun a wurin bita an sha faɗa cewa Saudiyya ta hana shiga da shi. A wurin tantancewa sai a ga sunan da ke fasfo Muhammadu, na katin rigakafi Mamman. Gwajin asibiti ya nuna wata na da juna biyu, mijinta kuwa ya sayar da shanu ya biya kujerar. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya cancanci a kira shi abin mamaki, tunda kowace shekara sai sun faru. Sunan mutumin da za su faɗa wa ne kawai ba a sani ba.

A ƙasa mai tsarki kuwa, babbar sana'ar alhaji sabon zuwa ita ce ɓata. Ba don wauta ba. Mutumin da ke iya gane gonarsa a dajin Kwatarkwashi da duhun asuba ta hanyar wata tsamiya, an kawo shi inda benaye ke kama da juna, rubutun ko'ina Larabci da Turanci, masallacin kuma ƙofofinsa sun fi a ƙirga a tsaye. Ya shiga ta ƙofar Sarki Abdul'aziz, taro ya tura shi ya fito ta wata, takalminsa na can inda ya bari, katin masaukinsa na cikin aljihun rigar da ya tuɓe da zai ɗaura harami. Wani ya shiga lifta ya kasa sanin hawa na nawa ɗakinsa yake, ya yi ta sama da ƙasa. Wata ta kulle kanta a banɗaki. Wani ya damƙa guzurinsa duka ga baƙon da ya yi masa Hausa mai daɗi a bakin Harami ya ce zai canzo masa Riyal. Gogaggen jagora ya san cewa rabin waɗannan ana magance su ne da abubuwa marasa tsada: a ranar farko ya ɗauki rukuninsa a ƙafa daga masauki zuwa masallaci da dawowa, yana nuna musu alama kamar yadda ake nuna wa yaro hanyar rijiya, ya haɗa kowane tsoho da matashi ɗaya, ya tsayar da wuri ɗaya da za a jira juna, ya tabbatar abin hannu da katin shaida ba sa barin jiki ko a wanka. Sauran rabin kuwa ba su da magani sai ƙafa. Zai bi ofishin ɓatattu, ya bi asibitoci, ya leƙa unguwannin da Hausawa mazauna Makka suka yi yawa, domin sau da yawa a can ake samun tsohon zaune ana ba shi tuwo, hankalinsa kwance, yana mamakin abin da ya tayar wa mutane hankali.

Ranakun Mina da Arfa su ne jarrabawar gaskiya. A cikin kwana biyar ana kwashe mutum kusan miliyan biyu daga Makka zuwa Mina, zuwa Arfa ranar 9 ga Zulhajji, zuwa Muzdalifa bayan faɗuwar rana, a dawo Mina. Maza duk sanye da fararen mayafai biyu, ankon jihar da ake gane juna da shi ya ɓace a jikinsu. Tantuna dubbai ne iri ɗaya. Motar bas na ɗaukar mutum arba'in da wani abu, direban ba ya jin Hausa, wani lokaci shi ma baƙo ne da aka ɗauko don aikin bana. Idan jagora ya ce a tashi alhali mutum ɗaya bai shiga ba, ya bar rai a fili cikin zafin da ke kisa. Idan ya ce a jira, arba'in na zaginsa, ɗan sanda na korar motar. Babu littafin bita da ya rubuta amsar wannan. Amsar tana wurin wanda ya san mutanensa ɗaya bayan ɗaya, ya san cewa wanda babu ɗin ɗan kasuwa ne da ya zo sau uku kuma zai iya kai kansa, ko kuwa dattijo ne mai hawan jini da ba ya jin kira.

Za a ce, kuma ana cewa, Hajji ibada ce, wahalarta lada ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa, don haka yawan ƙorafi kan jagora ƙarancin tawakkali ne. Akwai gaskiya a ciki. Alhajin da ya tafi yana jiran a yi masa hidimar otal zai dawo da ɓacin rai ko wa aka ba shi. Amma haƙuri wajibin matafiyi ne, bai zama hujjar mai riƙon amana ba. Addinin da ya ce a yi haƙuri shi ne ya ce idan mutum uku suka fita tafiya su naɗa ɗaya shugaba, kuma shi ne ya ce a ɗaure raƙumi sannan a dogara. Idan tsohuwa ta kwana biyu ba ta sha maganinta ba saboda babu wanda ya tambaya, ladanta na nan, amma wanda aka ba sunanta a takarda ba zai raba ladan da ita ba. Abin da na fi ƙi a wannan magana shi ne yadda take rufe bakin alhazai. Mutumin ƙauye da ya tara kuɗin waken suya da dawa shekara bakwai yana jin kunyar ya dawo daga ɗakin Allah yana ƙorafi, sai ya ce alhamdu lillahi ya yi shiru, kuskuren bana ya zama na baɗi.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Mai ita zai ce manyan abubuwan da ke ɓata Hajji sun fi ƙarfin kowane jagora. Jirgin da ya faɗi a Jidda ranar 11 ga Yuli 1991 yana hanyar Sakkwato, ya hallaka mutum 261, ba ƙirga kawuna ne zai hana shi ba. A 2012 Saudiyya ta tsare mata 'yan Najeriya fiye da dubu a filayen jirginta kan batun muharrami, har aka dakatar da jigila, sai da gwamnati ta tura tawaga ƙarƙashin Aminu Waziri Tambuwal. Turmutsitsin Mina na 24 ga Satumba 2015 ya ci 'yan Najeriya sama da ɗari biyu, cikinsu Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin, mutanen da ba za a ce rashin sani ya kai su ba. A 2020 da 2021 annobar korona ta hana kowa zuwa daga waje. A 2023 yaƙin Sudan ya rufe sararin samaniyarta, jirage suka yi zagaye, kuɗi ya ƙaru. A 2024 faɗuwar Naira ta sa aka ce maniyyatan da suka biya kusan miliyan 4.9 su ciko miliyan 1.9 cikin 'yan kwanaki. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba na cewa mai takarda a Tsafe yana da iko a kan ko ɗaya. Sai dai kowace babbar masifa idan ta sauko, ƙanana take zama kafin ta isa ga mutum. Ƙarin kuɗin 2024 a Abuja aka sanar da shi, amma wani ne ya zauna gaban manomi ya bayyana masa, ya kuma bi masa sawun kuɗinsa idan ya kasa cikawa. Bayan turmutsitsin 2015, an shafe makonni iyalai a Arewa ba su san ko nasu na raye ba, kuma rukunin da shugabansa ke da cikakken jerin sunaye ya san wanda ya fita jifa da safiyar nan, shi ne ya fara sanin wanda zai nema. Zafin 2024 ma darasi ne: Saudiyya ta ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari kuwa waɗanda suka shiga ba da izinin Hajji ba ne, wato marasa tanti, marasa mota, marasa wanda zai ƙirga su. Rana ɗaya ce ta doki kowa, bambancin shi ne akwai waɗanda wani ke cewa su zauna a inuwa, su sha ruwa, su wakilta matashi ya yi musu jifa.

Sai masu cewa waya ta gama komai. Yanzu akwai katin Nusuk mai ɗauke da bayanan alhaji, akwai taswira a waya, kowane rukuni na da zaurensa na WhatsApp. Lallai sun rage wahala, kuma jagoran da ya ƙi koyonsu ya cuci mutanensa. Amma wanda ya fi ɓata shi ne wanda wayarsa ƙarama ce mai tocila, ko babbar ce da ɗansa ya saya masa ana gobe tafiya bai san inda ake taɓawa ba. A Mina caji na ƙarewa, layi na cushewa. Idan ma ya kira, tambayar farko ita ce, Baba kana ina, amsar kuma ita ce, ga ni kusa da wani farin tanti. Wayar ta kuma kawo nata aikin, domin jita-jita yanzu ta fi jirgi sauri. Alhaji ya suma a Arfa, kafin ya farfaɗo an yi ta'aziyyarsa a Bungudu, jagora ya koma amsa kiran mutanen gida maimakon kula da na gabansa.

Akwai kuma masu ganin idan an sami malami a rukuni, an gama. Malami dole ne, domin tambayar wanda ya manta adadin ɗawafinsa ko macen da al'ada ta zo mata kafin ɗawafin ifada ba ta jiran gobe. Amma sanin hukuncin hadaya daban, sanin yadda ake fito da gawa daga asibitin Makka a cika takardunta daban. Fataken Gwanja sun raba muƙaman nan biyu, kuma ba su fi mu mutane ba.

Idan an yarda sana'a ce, to yadda ake zaɓen mai yin ta ya zama abin dubawa. A jihohin Arewa da dama an daɗe ana kallon kujerar jami'i a matsayin alheri da ake saka wa na kusa da shi, ɗan siyasa ya ba yaronsa, mai unguwa ya ba surukinsa. Irin wannan shi ma sabon zuwa ne, shi ma yana neman hanyar masauki, kuma zuciyarsa na kan ibadarsa da tsarabarsa, abin da ba laifi ba ne ga alhaji amma laifi ne ga madugu. Wanda ya iya aikin yakan rasa sallar jam'i a Harami saboda yana asibiti da mara lafiya, kuma dole a gaya masa haka tun kafin ya karɓa. Ana bukatar mai ɗan Larabcin kasuwa da zai yi magana da direba da ɗan sanda, mai ƙafar tafiya, mai sanyin rai da za a zage shi da safe ya kai wa mai zagin magani da yamma. Ana bukatar mata a wannan aiki fiye da yadda ake sa su, domin mata kaso ne babba na alhazanmu, ga shi Saudiyya ta sassauta sharaɗin muharrami a 'yan shekarun nan, kuma akwai abin da Hajiya ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba ko da zai kashe ta. Ana kuma bukatar a bar wanda ya ƙware ya maimaita, ya tafi da mataimaki yana koya masa, kamar yadda ɗan madugu ke bin ayari shekaru kafin a ba shi ragama. Mai cewa wannan zai sa mutum ɗaya ya mallake kujera yana da abin tsoro na gaske, amma maganinsa a tambayi alhazan da suka dawo, rukuni rukuni, wa ya tsaya musu wa ya ɓace, a rubuta, a yi aiki da shi.

Dawowa ma ba hutu ba ce. Bayan an sauko daga Arfa kowa hankalinsa ya koma gida, guzuri ya ƙare, jirgi kuma bi da bi ne, wanda ya fara zuwa shi ke fara komawa. Nan ake rigimar awo: jaka ta wuce kilo, an cusa buta da dabino da agogon bango da bargo, an ɓoye galan ɗin Zamzam a tsakiyar kaya alhali an hana, tunda lita biyar ɗin kowa daban ake kawo ta. Sai an zazzage a gaban jama'a, mai kaya na rantsuwa cewa sikelin ne ba daidai ba. A filin jirgi na gida wata jakar ba za ta fito ba sai bayan mako biyu, mai ita kuwa ya san ƙofar gidan jami'i a Tsafe, zai yi ta sallama kowace safiya. Akwai kuma jakar da ta fito amma mai ita na kwance a maƙabartar Makka ko Baƙi'a ta Madina. Ita ma mai takarda ne zai ɗauke ta, da ragowar Riyal ɗin da aka ƙirga gaban shaidu, da takardar rasuwa, da galan ɗin Zamzam, ya nemi mota zuwa ƙauyen, ya tsaya a zaure a kira masa babban ɗa.